Tsohon Birnin Ilimi ko Jami'ar Ƙofar Gida: Ina Ɗan Jiratawa Zai Dosa?

Tun da aka buɗe jami'a a Maradi, wata mas'ala ta kunno kai a gidajen Jiratawa da Tsibirin Gobir da sauran garuruwan bakin gulbi, wadda kakanninmu ba su san ta ba, domin a zamaninsu wanda ya ƙudurta neman ilimi mai zurfi ba shi da wata makawa face ya rataya gafakarsa, ya nemi albarkar mahaifa, ya kama hanya. Yau kuwa yaro yakan ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, ko ya sauke Alƙur'ani ya fara littattafai, ya wayi gari da hanya biyu a gabansa: ko dai ya hau babur da sassafe ya je Maradi ya ɗauki darasi ya komo ya ci tuwon uwarsa da dare, ko kuwa ya tattara ya koma ɗaya daga cikin tsofaffin biranen da sunansu ya ɗinke da na ilimi tun ƙarnukan da suka shuɗe, irin su Katsina da Kano da Zariya, ko ma Alƙahira da Fas ga wanda Allah ya hore wa. Mutane sun rabu biyu a kan wannan, kuma tun da yake kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da mai hankali ba zai yi fatali da ita ba, ya dace a saurari kowa har ya dire, kana a yanke hukunci.

Masu cewa a tafi, da tarihi sukan fara, kuma a nan ƙafarsu a kan dutse take, saboda mu mutanen wannan kwari ba baƙi ba ne ga Katsina. Sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu suka ci birnin a 1807, Ummarun Dallaje ya hau, sai ragowar gidan sarautar da aka ture suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi wajen 1819. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai Maradi, kuma Ƙaura da Durɓi da 'Yandaka da Galadima suna nan kamar yadda suke can. Gobirawa ma haka ta same su, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836 ne suka tsaya a Tsibiri. To, abin da ke ɗaukuwa a bisa doki an ɗauko shi, wato sarauta da tambari da takobi, amma unguwannin malamai da kushewun waliyyai da taskokin littattafan da aka yi ƙarnuka ana tarawa, galibinsu can aka baro su. Sa'an nan ɗan tsohon garin da aka gina a cikin kwari, shi ma ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau tudu aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Don haka, in ji masu wannan ra'ayi, Maradi birnin fatauci ne da jarunta, babu mai musu, amma wanda ke son ya zauna inda ilimi ya tsufa, to, sai ya ƙetare iyaka, alhali tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba.

Kuma abin da aka baro ɗin ba ƙarami ba ne. Shehu Magili ya ratsa Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya karantar, ya yi wa sarakuna nasiha. Muhammadu ɗan Ahmadu Attazahati, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, ya je Gabas ya yi karatu, ya komo ya riƙe alƙalancin birnin har ya rasu wajen 1529. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma unguwar Masanawa tana nan tana ɗauke da sunansa. Hasumiyar Gobarau, wadda ruwaya ta danganta da zamanin Muhammadu Korau, har yanzu a tsaye take. A cikin wannan birni ne aka yi rainon Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi da falaki da hatimai, wanda bayan aikin hajji ya zauna a Misira yana karantarwa, har ajali ya riske shi a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan. Garin da ya iya fitar da mutumin da malaman Alƙahira za su durƙusa a gabansa, lalle ba a banza sunansa ya tafi ba.

Sai dai masu hangen nesa daga cikin wannan ɓangare ba su tsayawa a kan jera sunayen matattu, domin sun san kabari ba ya biya wa kowa karatu. Abin da suke nufi da albarkar tsohon birni shi ne wani abu da ake gani da ido kowace safiya, ga wanda ya taɓa shiga zauren malami a Masanawa, ko a Madabo ta Kano, ko a Ƙona ta Zariya. Bayan an sallame asuba malam zai fito ya zauna a kan buzunsa, littattafai jingine da bango a damansa, ɗalibai su yi ta shigowa suna tuɓe takalma a ƙofa: ga tela, ga ɗan kasuwar da bai buɗe rumfa ba tukuna, ga tsohon ma'aikacin da ya aje aiki, ga saurayi ɗan jami'a da wayarsa a aljihu. Ba rajista, ba kuɗin shiga, ba aji. Wanda ya riga zuwa shi ke fara buɗe littafinsa, ya karanto Larabci gaɓa gaɓa, malam yana bin sa da fassara cikin tsohuwar Hausar nan ta zaure wadda ba a jin irinta a kasuwa. Sauran kuma ba zaman banza suke ba, suna saurare, ta yadda wanda ya zo da Ahalari zai tashi ya tsinci wani abu na Risala, mai Risala ya ji ƙamshin Muhtasar, mai Ajuruma ya ji yadda ake warware baitin Alfiyya. In wani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan wurin ya shige mini duhu," aka yi bayani bai gamsu ba, sau da yawa sai malam ya ce, "Wannan ba fannina ba ne, tafi unguwa kaza wurin Malam wane, ka ce ni na aiko ka." A ganina duk hujjar masu cewa a tafi a cikin wannan magana ta ƙarshe take. Mu ma muna da zaurukan a Maradi da Tsibiri, muna da malamai masu tsoron Allah da zurfin karatu, amma tsohon birni ya fi mu da cewa a can akwai wanda za a tura ka wurinsa, shi ma akwai wanda zai tura ka gaba, kuma duk a ƙafa za ka je, ka komo kafin azahar.

Hujja ta biyu ita ce fa'idar baƙunci, kuma duk wanda ya tashi a gidan noma zai gane ta ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Ɗalibin da ke kwana a gidan ubansa a Jiratawa ɗa ne kafin ya zama ɗalibi. Ran da layin ruwa ya zagayo kan fegin gidansu shi za a tasa, ran yankan zogale shi ne, kai ƙanwa asibiti shi ne, ɗaurin aure da suna da zaman makoki duk ba a yafe masa. In ya ce, "Baba, gobe ina da jarrabawa," amsar da zai ji ita ce, "To, jarrabawar ce ke ciyar da gidan nan?" Kuma uban bai yi zalunci ba, gaskiya ya faɗa. Amma ilimi yana son zuciyar da ba ta rabu ba, kuma magabata sun daɗe da gane cewa nisa da gida wani irin halwa ne, inda yaro ke mallakar darensa da ranarsa, ya koyi dafa abincinsa da wanke tufarsa da tattalin ɗan abin da ke hannunsa, ya kuma san darajar kansa a wurin da ba a san ɗan wane ba ne. Shi ya sa tun fil azal iyaye suke kai 'ya'yansu gabas, alhali akwai alaramma a bayan gidansu.

Akwai kuma abokan zama, waɗanda sau da yawa amfaninsu kan zarce na malamin aji. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ba ta da yawan ɗalibai, amma a cikinta aka haɗa Abubakar Tafawa Balewa daga Bauci, da Ahmadu Bello daga Rabah, da Abubakar Imam daga Kagara, da wasu da yawa, kuma zumuncin da aka ƙulla a ɗakunan kwananta shi ya riƙe ragamar Arewacin Najeriya bayan 'yan shekaru. Yaron da ya zauna Zariya zai kwana ɗaki ɗaya da Babarbare da Bayarabe da Banufe, ya ji ana jayayya da abin da ya ɗauka ijma'i ne, ya komo da Ingilishi a kan Faransancinsa. Wanda bai bar kwarin nan ba, da waɗanda suka yi lakwal tare zai shiga jami'a, da su zai fita.

To, wannan ke nan. Masu cewa a zauna kuwa ba su tsoron tarihi, hasali ma da shi suke mayar da martani. Sukan ce, a ina aka yi makarantar da ta fi kowace girgiza ƙasar Hausa? Ba a Katsina ba, ba a Kano ba. A Ɗegel aka yi ta, ƙauyen da ba shi da ganuwa balle hasumiya, kuma mai ita, Shehu Usmanu, a Maratta aka haife shi a 1754, a cikin ƙasar Gobir ɗin nan tamu. Da ƙanensa Abdullahi ya tashi rubuta tarihin karatunsa a Ida'un Nusuhi, mutane ya lissafa, ba birane ba. Ilimi, in ji su, ba shi da gida na dindindin, yana sauka inda aka karrama shi, ya tashi in an wulakanta shi. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shiga Katsina a 1851 ya tarar da mafi yawan abin da ganuwa ta kewaye kangaye ne da gonaki, fatauci ya koma Kano. Timbuktu, wadda masallacinta na Sankore ya cika duniya da suna, rundunar Maroko ta auka mata a 1591, aka kwashe malamanta, har da Ahmadu Baba, aka yi Marrakish da su, kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Ita kanta Kwalejin da ake tinƙaho da ita an ɗauke ta daga Katsina a 1938 aka kai Kaduna, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, gininta na asali kuwa yau gidan adana kayan tarihi ne. Saboda haka wanda ya bi tsohon suna ido rufe, yana iya isa ya tarar masu sunan sun daɗe da tashi.

Daga nan sai su gangaro kan abin da ya fi ci wa iyaye tuwo a ƙwarya, wato kuɗi da hatsari. Mai son ya san farashin karatun nesa ya je tasha ranar da uwa ta kawo saƙo: rabin buhun gero, ƙullin busasshen zogale, ƙuli-ƙuli, ɗan man gyaɗa a gora an toshe bakinta da leda, da 'yan jikkuna a ƙulle a bakin zane, tana roƙon direba, "Don Allah, ɗana, hannu da hannu za ka ba shi." Bayan wannan ƙullin akwai ragon da aka sayar ba don layya ba, wani lokaci har da gonar da aka jinginar. A can kuma ga kuɗin haya, ga na makaranta wanda baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, ga canjin sefa da naira da ba ya kwana inda ya yini. Kuma ko an iya wannan duka, akwai abin da ba ya hannun uba ko ɗa. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati a Najeriya sun yi wata takwas suna yajin aiki, ɗalibai na zaune. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗaliban ƙasashenmu da ke can suka fito da ƙyar, karatu ya tsaya cak. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024, har Katsinar da ake cewa tana bayan gida ta koma nesa. Ga kuma 'yan bindigar da suka addabi dazuzzukan da ke tsakanin Madarunfa da Jibiya. Uban da ya auna wannan duka ya ce ɗansa ya zauna kusa, ba rowa ce ta sa shi ba.

Hujjarsu mafi nauyi a wurina, duk da haka, ba ta tsoro ba ce, ta dacewa ce. Jami'ar Maradi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Damagaram da ta Tawa, aka kuma raɗa mata sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, malamin kimiyya kuma ministan ilimi a zamanin Diori Hamani, ba a gina ta don ta yi gasa da Azhar ta Alƙahira a fiƙihu ba. An gina ta ne a kan aikin gona da muhalli, da kimiyya da fasaha, da aikin likita. To, wanda zai karanci ƙasa da ruwa da iri, ina ne ya fi masa wannan kwari? Ga fadamar Jiratawa da magudanan ruwanta, ga tashar binciken noma ta Tarna, ga gulbin da ke zuwa daga Najeriya wanda madatsar Jibiya ta sauya wa hali, ga gonakin tudu inda manoman jihar Maradi, tun daga shekarun 1980, suka raya dabarar nan ta sassaben zamani, ta barin kututture ya tofo a yi masa aski har ya zama itace, dabarar da yau masana ke tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gani da idonsu. Abin kunya ne a ce baƙo ya ƙetaro teku ya zo koyo a gonar ubanka, kai kuwa ka tafi wani gari ana karanta maka labarinta a takarda. Ga shi kuma takardar shaidar da aka samu a gida ba ta bukatar a yi ta yawon ofisoshi ana neman a daidaita ta, kuma wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci bai ɓata shekara yana koyon wani harshe kafin ya fara ba.

Sa'an nan akwai 'ya'ya mata, waɗanda masu cewa a tafi sukan manta da su in suna zuba. Gidaje nawa ne a garuruwanmu za su yarda budurwa ta tafi Zariya ko Alƙahira ita kaɗai? Ko Yamai ma, mai nisan fiye da kilomita 600, da yawa ba su yarda ba, don haka shekara da shekaru yarinya mai ƙwaƙwalwa takan ci bak ta naɗe takardarta ta sa a ƙasan adaka. Jami'ar kusa ita ta buɗe wannan ƙofa, har aka fara ganin 'yar manomi tana karatun likita tana kwana a gaban uwarta. Wannan kuwa ba bidi'a ba ce a tarihinmu, domin Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta ce dukan matan ƙauye su taso su tare a gidanta ba, malamai mata da ake kira jaji ta naɗa ta aika musu da karatu har inda suke.

Sukan ƙara da cewa wanda ya tafi ba kullum yake komowa ba, kuma garin da ya sayar da rago ya ilimantar da shi wani gari yake yi wa hidima. Sukan ce kuma zaman ɗalibi da ɗan gari ba kullum ne zuma ba, ko a ina: a Ingila rikicin 'yan gari da ɗalibai ne ya kori wasu malamai daga Oksfod a 1209 suka je suka kafa Kambirij, mu ma nan ɗan Maradi yakan je garin kakanninsa a kira shi ɗan Faranshi, mai gidan haya ya tsawwala masa. Wannan gaskiya ne, amma ban ɗauke shi hujja mai ƙarfi ba. Wanda ba zai jure a tsokane shi ba, ba zai jure Muhtasar ba.

Da na auna maganganun nan, sai na ga kowane ɓangare ya ɓoye wani abu a bayansa. Masu cewa a tafi suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato tsohon birni da jami'ar da ke ɗauke da sunansa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, a Samaru take, tafiya ce mai ɗan nisa daga ganuwar Zazzau. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kan hanyar Gwarzo, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana kan hanyar Dutsinma, kuma ko Azhar, wadda aka aza harsashin masallacinta a 970, tun bayan gyaran 1961 da ya shigo da fannonin zamani da yawa daga tsangayoyinta suna sabuwar unguwar Madinatu Nasar, ba a gindin ginshiƙan da magabata suka jingina ba. Sakamakon haka shi ne, yaro yana iya shekara huɗu da sunan yana Katsina ko Zariya, tsakaninsa da gari sai kasuwa da tasha, bai taɓa tuɓe takalmi a ƙofar zaure ba, bai san Gobarau ba sai a hoto, bai san sunan malami ɗaya na cikin birni ba. Irin wannan ya biya kuɗin baƙunci cif, bai karɓo hajar ba. Misalinsa kamar wanda ya je bakin rijiya ya kwana, ya komo da tulunsa a bushe yana ba da labarin zurfinta. Da ya zauna Maradi da ya fi masa, ya fi wa ubansa.

Masu cewa a zauna su ma hujjar Ɗegel da suke ɗagawa tana da kaifi biyu. Gaskiya ne ƙauye ce, amma ai tafiya aka yi ta yi zuwa gare ta daga ko'ina, kuma shi kansa Shehu bai zauna ba, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Jami'ar da ba ta yi shekara ashirin ba tana iya samun gini da kujeru da na'urori a cikin ɗan lokaci in akwai kuɗi, amma silsila ba a gina ta da siminti, sai malami ya yaye ɗalibi, ɗalibin ya tsufa ya yaye wani. Mafi yawan waɗanda ke karantarwa a cikinta yau a wani wuri suka yi karatunsu mai zurfi, kuma mai sunan, Ɗan Dikko, shi kansa a Faransa ya yi nasa. In kowa ya zauna, wa zai karantar da na baya? Masu cewa ai yanzu komai yana cikin waya, ana sauraron tafsirin Kano da darasin Misira a ƙarƙashin bedi a Jiratawa, sun faɗi rabin gaskiya, domin waya tana kawo muryar malami, amma ba ta ganin fuskarka ta gane ba ka fahimta ba, ba ta tsawata maka, ba ta ba da ijaza.

Saboda haka, in za a bi hanyar malaman fiƙihu, hukuncin wannan tafiya yana sauyawa da sauyawar mai yin ta. Wanda zai karanci noma ko injiniyanci ko likita a matakin farko, babu dalilin da zai sa a jinginar da gona dominsa alhali ga jami'a a ƙofar gida. Ya zauna ya yi lisans ɗinsa, hankalinsa ya nuna, ya san abin da yake nema, kana ya fita neman ƙari, a lokacin da tafiyar za ta yi masa amfani kuma ba za ta ɓatar da shi ba. Amma wanda zuciyarsa ta karkata ga Larabci da shari'a da hadisi, ko tarihin ƙasar nan, ko nazarin harshen Hausa kansa, wanda Kano da Zariya suka daɗe da yin nisa a cikinsa, to, tafiya a kansa ta kusa zama wajibi, ko da zuwa Sayi ne, garin Alfa Mahamman Jobbo, inda Jami'ar Musulunci take tun 1986 ba tare da an ƙetare iyaka ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya, kuma ba na sassauta shi: kada uba ya saki kuɗin mota sai ɗan ya faɗa masa, ban da sunan gari da sunan jami'a, sunan malamin da zai zauna a gabansa da littafin da zai buɗe. In ya ce, "Baba, in na je zan bincika," to, ya bincika tukuna, motar ba ta ƙarewa.

Saura magana ɗaya, kuma ba ga yara take ba, ga masu hali take. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu su sami masauki, daga baya kuma Barno ta sami ruwaƙinta, wato masaukin ɗalibanta, a cikin Azhar. Ba gwamnatin Misira suka jira ba. Alhazan Maradi sun yi suna a gina masallatai da kai mutane Makka, Allah ya saka musu, amma yanzu da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maradi, lokaci ya yi da wani daga cikinsu zai sayi gida a cikin ganuwar Katsina, wani a cikin ta Zazzau, ba a bakin jami'a ba, a tsakiyar unguwar malamai, ya yi waƙafinsa ga 'ya'yan wannan kwari, a sa dattijo mai amana ya riƙa tashin su asuba yana tura su zaure kafin su tafi aji. Wani kuma ya gina ɗakin karatu a Maradi ya cika shi da littattafai, ya ware ɓangaren mata, ya yanka wa masu kula da shi albashi daga hayar shagunansa. Alhaji, kuɗin waɗannan duka bai kai na tirela biyu daga cikin waɗanda ke tsaye a garejinka ba.